Igiyar da Harlan Ya Yanke

Smithers, ƙarshen Yuli

'Yata Marit,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya Babanki da jiki? Ni nan lafiya lau, ban da gwiwar da take tuna mini shekaruna duk sanda na hau matakala. An yi hutu, na kulle ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, amma yaran ƙungiyarmu ta kamun kifi ba su san hutu ba. Kowace Asabar sai na tarar sun riga ni bakin kogi.

Wasiƙarki ta iso jiya, a tsaye na karanta ta a ƙofar gidan waya. Na ji daɗi da kika ce ya fara tafiya da sanda shi kaɗai, maganarsa kuma ta dawo. Mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye a watan Maris, a ce a Yuli yana faɗa da mai karanta labarai a rediyo, ai sai godiya ga Allah. Kin kyauta da kika jingine karatun jinya kika dawo gida. Na kuma gane abin da ya sa kika rubuto maimakon ki kira: wayar gidanku a kicin take, shi ma can yake wuni, kuma kunnen Harlan bai shanye ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ya yi, wai in Oktoba ta zo bai iya jifa ba, zai tattara sandunan fatsarsa ya ba abokinsa Duane. Kada ki ɗauke ta wasa. Ni da Babanki 'ya'yan mace da namiji ne, tun muna yara nake tsokanarsa, na san ranar da yake cika baki, na san ranar da ya yanke shawara. In ya bar kogi, motsa jikin da likita ya ɗora shi a kai ma zai bari, don saboda kogin yake yi.

Kin tambaye ni wace igiya za ta fi masa sauƙi. To, gyara zama, malamar ta tashi.

Ƙugiyarmu ba ta da nauyi, gashin tsuntsu ne kawai aka ɗaura mata. Abin da muke jefawa da sandar nan mai hannu biyu nauyin igiya ne. Inda aka tara nauyin shi ya raba igiyoyin gida uku.

Ta farko ita ce ta Babanki, doguwa. Nauyinta a shimfiɗe yake a kan ƙafa saba'in ko fiye. Mutum ya ɗaga ta gaba ɗaya daga ruwa, ya kewaya da ita, ya shimfiɗa. Ruwa ya ja ƙugiya ta zagayo gaɓa, ya yi taku biyu ƙasa, ya sake ɗagawa. Don faffaɗan kogi irin Clearwater ɗinku aka yi ta, kuma ban taɓa ganin wanda ya fi Harlan iya shimfiɗa ta ba, amma kada ki gaya masa. Sai dai tana son doguwar sanda, irin tasa mai ƙafa goma sha shida, da kafaɗa mai ƙarfi, da fili a bayan mutum. Ban yi mamaki ba da kika ce ya gwada a kan ciyawar gida ta gagare shi.

Ta biyu Scandi. Kanta bai wuce ƙafa talatin da 'yan kai ba, bakinta siriri, tana sauka a kan ruwa kamar an ajiye ta da hannu. Ita nake ɗaurawa idan ruwa ya yi garau, kifi yana kallon sama. Amma hannun ƙasa ne yake aikinta, wanda ke riƙe gindin sanda, da 'yar fizga mai kaifi. Hannun ƙasan Harlan kuwa shi ne na hagu. Ki cire ta daga lissafi.

Ta uku Skagit, wadda shi yake kira igiyar shanya. Kai ne gajere mai kauri, ƙafa ashirin da 'yan kai, a bayansa siririn zare mai santsi wanda kan yake ja idan ya tashi, sai a jawo shi kafin jifa na gaba. Babu igiyar da ta fi ta sauƙin jifa. Ba ta neman ƙarfi, ba ta neman fili, tana ɗaukar ƙugiya mai nauyi, ga haƙuri da iska. Yaro ɗan shekara goma sha biyu in na ba shi da safe, kafin la'asar yana kai ta tsakiyar kogi. Da ita nake fara wa ɗalibaina, da ita kuma nake shiga ruwan hunturu inda itatuwa suka matse gaɓa.

Kin ce hannunsa na hagu ba ƙarfi. Hannu yana da yawa, 'yata. Kafaɗa ce, ko gwiwar hannu, ko yatsu? Ki lura da yadda yake ɗaga butar shayi, da yadda yake sa maɓallin riga, ki rubuto mini.

Ki kula da kanki ke ma. Mai jinya tana bukatar barci.

Gwaggonki,
Verna

*

Orofino, tsakiyar Agusta

Gwaggo Verna,

Ina gaishe ki, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Mu nan lafiya, sai zafi da hayaƙin gobarar daji da ya cika kwarin. Tumatir ɗin bayan gida ya nuna gaba ɗaya, mun rasa yadda za mu yi da shi. Jikin Baba yana nan yadda yake. Zuciyarsa ce ta koma baya, kuma ina jin da hannuna a ciki.

Ranar da wasiƙarki ta zo ya ga tambarin Kanada a ambulan. Ya ce, "Me malamar ta ce?" Ina cike da murna, sai na karanta masa wurin Skagit. Da na kai kan yaro ɗan shekara goma sha biyu ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Wato Verna ta ce a saya mini igiyar yara." Na ce ba haka kika ce ba. Ya ce, "Karanta kuma." Ban sake karantawa ba.

Duk da haka na je Lewiston na sayo ta. Duane ya ara mana sandarsa mai ƙafa goma sha uku, shi ya ɗaura komai. Na yi ta lallashi har Baba ya yarda, ya ce zai je ne don ya nuna mini shirme ce.

Mun isa da sassafe, mu ne na farko a wurin. Kin san al'ada: wanda ya riga zuwa ya fara daga sama, jifa ɗaya taku biyu, na bayansa su biyo shi a jere, ba mai tsallake wani. Muna sa wandon shiga ruwa wasu samari biyu suka iso, suka gaishe mu, suka tsaya a baya suna jiran layinsu. Na shiga da Baba har gwiwa, ina riƙe da ɗamararsa ta baya.

Gwaggo, jifan farko ya tafi. Kan igiyar ya tashi kamar an harba shi, zaren yana ta fita, ya sauka can nesa. Na ga wuyan Baba ya miƙe. Duane ya ce daga gaɓa, "Tsoho, a hankali, kada ka kamo wani a tsallake." Baba ya ce, "Igiyar shanya ce, Duane, ko kai ka jefa za ta je."

Sai ƙugiya ta zagayo, aka zo jawo zare.

Ban san haka abin yake ba. Ashe bayan kowane jifa sai ka jawo zaren nan ƙafa arba'in ko hamsin da hannun hagu, kana naɗe shi a yatsu don kada ruwa ya tafi da shi, sannan ka sake shi daidai lokacin da kan ya tashi. Babban yatsansa da manuni ba sa haɗuwa sosai, ƙananan biyun kuwa ba ya jin su. Ya kama zaren ya suɓuce. Ya sake kamawa, ya ja kaɗan, ya suɓuce. Wanda ya jawo ruwa ya naɗe masa a gwiwa da sandar dogarawa. Ya gwada riƙewa da haƙori. Jifa na biyu ya tashi ya dawo masa a ƙafa, don zaren ya sarƙe a zoben sanda.

Samarin nan suna tsaye suna jira. Ni ina ganin da sun yi gunaguni da ya fi sauƙi. Ɗaya ya ce, "Baba, kada ka damu, ba sauri muke ba." Sai Duane ya shigo ruwa, da kyakkyawar niyya, ya ce, "Kawo in riƙe maka zaren, kai ka jefa." Baba ya dube shi ya ce, "Ni amarya ce da za a riƙe mini jelar riga?"

Daga nan ya ɗaga wa samarin hannu ya ce su wuce. Duane ya gaya mini daga baya cewa tun da suke shiga kogin nan bai taɓa ganin Baba ya ba wani hanya a tsakiyar layi ba.

Muka shiga mota, har muka kusa gida. Sannan Baba ya ce, "Ki gode wa Gwaggonki."

Kin tambayi hannunsa. Kafaɗar ta dawo sosai, buta cike yake ɗagawa, har itace yake shigowa da shi a hammata. Maɓalli ne ba ya iyawa, ni nake sa masa kullum, yana kallon bango.

Me zan yi yanzu? In mafi sauƙin ta gagare shi, me ya rage?

'Yarki,
Marit

*

Orofino, ƙarshen Agusta

Gwaggo,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu muna nan. Hayaƙin ya ragu, an ɗan yi yayyafi.

Ban ga amsarki ba. Na kira gidanki daga kantin magani, na sake kira daga asibiti, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka. In kin ji haushi ne don na karanta masa wasiƙar da kika rubuto mini ni kaɗai, ki yi haƙuri. In kuma shirun yana nufin babu sauran abin yi, gara ki faɗa mini, zan iya ɗauka.

Baba bai jira Oktoba ba. Ya sa sandunan a kwansonsu ya jera a baranda, ya kira Duane ya ce ya zo ya kwashe. Ya daina zuwa wurin motsa gaɓoɓi, ya ce mai zaman kujera ba ya bukatar kafaɗa. Ƙwallon robar da aka ba shi ya riƙa matsawa, kare ne yake wasa da ita yanzu.

Duane yana ta kauce-kauce. Da farko ya ce motarsa ta lalace. Da Baba ya gan shi a cikinta a gari, sai ya ce zai kai matarsa wurin surukai. Jiya ya tsayar da ni a gidan mai ya ce, "Marit, ki gaya wa malamar nan ta hanzarta. Surukaina ba su da yawa, sun kusa ƙarewa."

Na yi dariya a gabansa, na shiga mota na yi kuka.

Marit

*

Smithers, farkon Satumba

'Yata Marit,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jiki, ina kuma gaida Duane da surukansa. Lafiyata ƙalau. Matar abokin aikina ta haihu kafin lokaci, sai na karɓi sansanin yara a madadinsa, can bakin tafkin Babine inda ba waya ba gidan waya. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Ban ji haushi ba ko kaɗan, ki cire wannan daga ranki. Kin ga mahaifinki yana nutsewa kin miƙa masa abin da ya fi kusa da hannunki. Maganar yaron nan bayani ce nake yi miki, ba shawara ba. Tambayar ƙarshe, wadda kika ɗauka gaisuwar mara lafiya ce, ita ce ainihin wasiƙar.

Kuma amsarki albishir ce. Na karanta wurin butar na tashi na zagaya ɗaki. Kafaɗa ta dawo, yatsu ne suka ƙi. To ai Harlan bai rasa jifa ba, jan zare ya rasa, kuma igiyar da ya shekara talatin yana jefawa ba a jan zare a cikinta. Sauƙi ba iri ɗaya ba ne, 'yata. Skagit tana sauƙaƙa wa kafaɗa ta ɗora wa yatsu. Doguwa tana sauƙaƙa wa yatsu ta ɗora wa kafaɗa. Mu abin da muke nema doguwa ce da aka rage mata tsawo daidai kafaɗar da yake da ita yau.

Ga yadda abin yake. Sandarsa mai ƙafa goma sha shida ta yi masa nauyi, wannan ya wuce, kada ku ɓata lokaci a kanta. Ta Duane ita ce daidai. A ɗaura mata tsohuwar igiyarsa mai nauyi, a fitar da kamar ƙafa hamsin, a tsaya nan. Yatsan hannun dama ya danne igiyar a jikin mariƙi, ba a ƙara ba a ragewa. Hannun hagu aikinsa ɗaya, ya tallabi gindin sanda a tafinsa kamar an ɗora masa ƙwai, wannan kuwa ba ya bukatar yatsu. Ya jefa, ta zagayo, ya taka, ya ɗaga. Ba zare a ruwa, ba abin da zai naɗe masa ƙafa. Idan sanyi ya shigo za ki ga wani amfanin: masu jan zare zobban sandarsu ƙanƙara take toshewa, shi nasa a bushe. Idan kifi ya kama kuwa, kai tsaye a kan kwarkwaron naɗe igiya yake. Ki juya kwarkwaron yadda zai naɗa da dama, ya tokare gindin sanda a ciki, ya rungume ta da damtsen hagu.

Matsala ɗaya ce. An yi igiyar nan don a fitar da ita gaba ɗaya, saboda haka bakinta dogo ne siriri, nauyin yana can baya. In aka fitar da hamsin kawai, sandar ba za ta ji nauyin da zai lanƙwasa ta ba. Dole a yanke daga bakin, kaɗan-kaɗan, a jefa, a sake yankewa, har sai ta zauna. Abin da aka yanke ba ya dawowa. Igiyar kuma ba za ta ƙara kai inda take kaiwa ba, shi ma haka. Wannan shi ne abin da zai yi masa wuya, ba jifan ba. Kada ki yanke masa ko da taƙi ɗaya ba da izininsa ba.

Ku je da tsakar rana, lokacin da kogi ba kowa, a gaɓar da ruwa yake gangarawa ta damansa, don hannun dama ya zauna a sama. Duane ya zauna a mota. Ke ki riƙe ɗamara da almakashi, ki riƙe bakinki. Na san ɗalibai irinsa: in ka yaba musu da wuri sai su ajiye aikin.

Takardar da ke ƙasa tasa ce. Ki yage ta daga jikin wasiƙar ki ajiye kusa da kofinsa, kada ki karanta masa.

Harlan, taubashina,

An ce ka jera sanduna a baranda kamar mai gwanjo. Kafin ka raba gado kana raye, ka ji wannan. Ban ce a ba ka igiyar yara ba. Yarana ma sun fi ƙarfin a kira igiyarsu haka, da ita suke kama kifin da kai kake ba da labarinsa. Amma ba taka ba ce. Taka tana gareji a rataye, mai ruwan ƙwai, wadda ka hana ni taɓawa shekarar da na zo. Ta yi maka tsawo yanzu. Ni ma matakalar gidana ta yi mini tsawo, ban ƙaura ba, na sa mata abin dafawa.

Ka fitar da hamsin a sandar Duane, ka rage mata baki har ta zauna. Ban faɗi ƙafa nawa ba, don hannunka ne zai ji, ba alƙalamina ba. In ka gwada ta ƙi, ka ba Duane komai, ni da kaina zan rubuta masa ya daina ɓuya. In kuma ba ka gwada ba, ka sani zan faɗa a taron dangi cewa almakashi ka ji tsoro.

Verna

Shi ke nan, 'yata. Ina da tabbacin abin nan zai yi. Abin da ban sani ba shi ne ranar da zai yarda, don haka ki yi haƙuri da shi.

Gwaggonki,
Verna

*

Orofino, farkon Oktoba

Gwaggo Verna,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan an koma makaranta lafiya. Nan sanyi ya fara shigowa da safe, ganye ya soma juyawa. Na dafa sauran tumatir na zuba a kwalabe, zan aiko miki in an samu mai zuwa.

Na ajiye takardar inda kika ce. Ya karanta, ya ninke, ya ɗora kofi a kai. Ya ce, "Matar nan tun tana yarinya ba ta iya yin shiru ba." Sama da mako bai ƙara tada maganar ba. Ni ma na riƙe bakina, ko da yake ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba.

Wata Talata ina wanke-wanke na ji motsi a gareji. Na leƙa na same shi ya sauko da igiyar mai ruwan ƙwai, ya shimfiɗa ta a ƙasa daga ƙofa zuwa bango ta dawo, yana bin ta da tafin hannu. Bai juyo ba ya ce, "Almakashin ɗinkin mahaifiyarki yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "Ba yanzu ba. Tambaya na yi."

Washegari da azahar muka tafi. Duane ya kai mu, ya zauna a mota da jarida a fuska. Baba ya fitar da igiyar, ya danne ta da yatsa, ya jefa. Ta tafi a mace, ta zube a tsibi. Ya sake, haka. Ya daɗe yana kallon bakin igiyar a tafinsa. Sannan ya miƙo mini, ya ɗora babban yatsa a wani wuri ya ce, "Nan." Na ce, "Baba, ka tabbata?" Ya ce, "Ke ma'aikaciyar jinya ce ko lauya? Yanke."

Na yanke, na sake ɗaura ƙugiya da ɗan zarenta a sabon bakin yadda yake nuna mini. Ya jefa. Ya miƙo. "Nan." Haka muka yi ta yi, guntayen ina sa su a aljihu don kada ruwa ya tafi da su. Wani yankan ƙafa guda, wani bai kai taƙi ba. Can sai ya ɗaga, sandar ta lanƙwasa tun daga mariƙi, igiyar ta kewaya ta miƙe a kan ruwa sambal, ƙugiya ta sauka a ƙarshe. Ya bar ta ta zagayo, ya yi taku biyu, ya sake ɗagawa. Na ga ina bin sa ne kawai, hannuna a ɗamara amma ba nauyi a kai.

Ƙarar hon ɗin mota muka ji daga gaɓa. Baba ya ce, "Ce wa wancan ya koma ƙarƙashin jaridarsa, yana korar mini kifi."

Bai wuce rabin wurin ba ya gaji, na fito da shi. A hanya ya ce kafaɗar tana mutuwa da wuri, ya tambaye ni ko matar nan ta wurin motsa gaɓoɓi ta ba wani lokacinsa. Na ce zan tambaya. Na riga na tambaya tun ranar gareji.

Ya ce shi zai rubuto miki da kansa, in ya ga dama.

'Yarki,
Marit

*

Orofino, ƙarshen Oktoba

Verna,

Ina lafiya. Ina fatan gwiwarki ta bar ki kina barci. Marit tana lafiya, za ta koma makaranta bayan Kirsimeti, na ce mata ta tafi.

Ba na son dogon rubutu, kin sani. Jiya na shiga layi da safe. Mutum uku ne a bayana. Na fara daga sama na fita a ƙasa, ba wanda ya jira ni. Masu igiyar shanya suna ta jan zare suna hura yatsu, ni ina takawa.

Akwai wani dutse a wurin, a ƙarƙashin ruwa, can wajen tsakiya. Kifi yana kwanciya a bayansa. Na fi kowa sanin dutsen nan. Jiya na zo daidai shi na jefa, igiyar ta miƙe ta sauka, saura kamar tsawon mota biyu. Na tsaya na duba. Sai na yi taku biyu na wuce.

Yaron da ke bayana ya kai. Kifin ya kama, babba, mace, ta yi tsalle sau biyu. Na fito gaɓa na tsaya har ya sake ta. Jifansa mai kyau ne, na gaya masa haka. Ya tambaye ni wace irin igiya ce wannan tawa, bai taɓa ganin irinta a kanti ba. Na ce ba zai gani ba.

Ni ban kama komai ba. A ƙasan wurin, kusa da gaɓa, inda da nake wucewa ban ko kallo, wani abu ya taɓa ƙugiyar ya saki. Ban san suna kwanciya kusa haka ba.

Duane ya zo ya ɗauki doguwar sandar, ni na sa masa ita a mota. Sauran na mayar gareji. Tasa tana wurina, na ce masa ya manta da ita.

Ba sai kin faɗi komai a taron dangi ba. Gobe da safe zan fara daga ƙasan, in ba kowa.

Harlan